Sifanar Takarda ta Oga Liao

A-Kiau ba ta taɓa cewa tana son Ɓauna ba, ko da wasa. Ɓauna kuwa ba dabba ba ce. Sunan da direbobi suka laƙaba wa sifanar duka ce ta shagon tayar mijinta, Liao Chin-fa, shagon da ke bakin titin da motocin aladu ke bi daga gonakin Mailiao zuwa mayanka. Doguwa ce, in an tsayar da ita tana kai wa mace ƙirji, kanta kuma ya yi ƙaramin tulu, da sifirin mai taurin tsiya a ciki. Za ka kafa bakinta a kan noti, ka ja mariƙin da iya ƙarfinka, sifirin ya yi ta ɗaurewa, can sai ya ƙwace ya kai wa notin naushi, ƙwas. Ba ruwanta da lantarki, ba ruwanta da iska, kafaɗar mutum take ci. Mahaifin Chin-fa ne ya zo da ita daga inda ake farfasa tsofaffin jiragen ruwa a Kaohsiung, ya mutu ya bar wa ɗansa, yadda wasu ke barin gona.

Ba wai babu bindigar iska ta kwance noti a shagon ba, akwai, kamar kowane shago. Sai dai motar aladu ba kamar kowace mota ba ce. Fitsarinsu da kashinsu kullum a kan tayoyin baya suke sauka, su jiƙa noti, tsatsa ta haɗe shi da ƙusarsa har su zama abu ɗaya. Bindiga ta yi ta ɓaɓatu a kansa, noti ko gezau. Nan ne ake cewa a ɗauko Ɓauna, kuma in an ce a ɗauko Ɓauna, A-Kiau ce za ta tashi.

'Yar manoman tafarnuwa ce, ta auri mai shago don ta huta da laka. Amarci bai gama sakinta ba Ɓauna ta suɓuce daga kan noti ta harbi Chin-fa a kafaɗa. Mai ɗori ya ce ya ɗan huta. Ga mota tsaye a ƙofar shago, ga aladu na ihu cikin rana, ga uban miji ya tsufa. Chin-fa ya dube ta ya ce, "Riƙe mini na yau kawai." Na yau ɗin nan ne ya kai shekara talatin da ɗoriya. Kafaɗar kuwa wata irin kafaɗa ce mai zaɓen aiki. Ta warke wa jefa ƙugiya a bakin teku, ta warke wa ɗaga kofin giya, ta warke wa ɗaukar karagar abin bauta ranar da ake fito da ita daga wurin bauta a zagaya gari, inda za ka gan shi yana tsalle da ita kamar saurayi. Amma da ya hangi Ɓauna jingine a bango sai ya dafe wurin ya yamutsa fuska.

Wanda bai taɓa durƙusawa gindin motar aladu ba, ya yi shiru in ana zancen ƙazanta. Direba ba ya sauke kaya don za a canja masa taya. Aladun suna nan a sama, hawa biyu, wani lokaci uku, A-Kiau a ƙasa, gwiwarta ta hagu a kan buhun dusa da ta ninka. Alade kuma matsoraci ne. Duk ƙwas ɗin da Ɓauna ta yi sai motar ta girgiza, su firgita su saki abin da ke cikinsu. Ta ɗinka leda a kan malafarta, ta riƙa ɗaure hanci da tawul, ta sayi takalman roba masu ruwan ɗorawa don su kaɗai ta samu daidai ƙafarta. Duk a banza. Abin yakan bi ta wuyan riga, da ɗuminsa, ya gangara gadon baya, ita kuwa ba halin sakin mariƙi tunda sifirin ya riga ya ɗaure. Ta yi wanka har fata ta yi zafi, warin na nan cikin gashi da ƙarƙashin farce. A kasuwa mata kan matsa mata wuri a gaban mai kifi, ba don girmamawa ba. 'Yarta Pei-shan, tun tana ƙarama, ta taɓa roƙonta kada ta zo taron iyaye a makaranta, Baba ya zo. Shinkafa da naman aladen da duk gari ke suɗe kwano a kansa, A-Kiau ta daina ci tun shekarar farko, ta koma wa kunun shinkafa da dankali.

Shi kuwa Oga Liao yana kan kujerar gora ƙarƙashin fanka, shi da direbobi, ana shan shayi, ana taunar pinlan, ɗan goron nan da ake naɗewa a ganye, ana tofar da jan yawu a kofin roba. In kofin ya cika, kun san mai zubarwa. Idan ta gama kwancewa, ta sa sabuwar taya, ta ɗaure tam, sai ya taso da 'yar gudumarsa ya ƙwanƙwasa noti ɗaya ko biyu, ya kasa kunne kamar likita, ya ce ya yi. Direba ya washe jajayen haƙora ya ce ai hannun Oga daban ne, duk titin nan babu mai ɗaurin Oga Liao. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yatsun A-Kiau kuwa a hankali suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa, ko a kan tebur ta ajiye hannu sai ka ce wani abu take riƙe da shi.

Abin da ya hana zuciyarta fashewa duk shekarun nan tunani ɗaya ne: ta ɗauka ba sa gani. Takan ce a ranta maza ne, idonsu na kan butar shayi, ba su san wanda ke gindin mota ba. Ai ba a jin haushin makaho don ya taka ka.

Pinlan ne ya ci bakin Chin-fa daga ƙarshe. Ciwon ya fara kamar ƙurji a kumatu, kafin a farga ya cinye rabin muƙamuƙi. A-Kiau ta rufe shago ta yi jinyarsa, kuma gaskiya ɗaya ce, ta yi ta da kyau. Ta wanke abin da ma'aikatan asibiti ma sai sun kau da kai, ba ta taɓa yi masa gori ba, wani lokaci har tausayinsa kan sa ta kuka a banɗaki. Ranar da ta rufe shagon ta ja Ɓauna bayan tsofaffin tayoyi, ta lulluɓe ta da tamfol, ta rantse hannunta ya bar ƙarfen nan ke nan. Cikin watannin jinyar ne, karo na farko tun tana amarya, ta shinshina damtsenta ta ji ƙamshin sabulu.

Direbobi na zuwa dubiya, jagoransu Kuo Shui-mu, wanda ya fi kowa daɗewa yana kawo mota shagon, ya kuma fi kowa baki. Wata rana, da ɗan guntun bakin da ya rage masa, Chin-fa ya ce musu shi ba mutumin zaman banza ba ne, kada su bar shi ya je lahira hannu rabbana. A aika masa da Ɓauna ya buɗe shago, ya gyara wuri kafin A-Kiau ta iso. Ƙarti suka yi ta share hawaye. A-Kiau na tsaye bakin ƙofa da kwanon wanke ciwo a hannu, ta haɗiye wani tsaki da ya kusa shaƙe ta.

A wurinmu, abin da aka yi da takarda aka ƙona wa mamaci shi yake tararwa a can: gida, mota, fanka, har da masu hidima. A-Kiau ba mai yawan zuwa wurin bauta ba ce, amma wannan ba ta wasa da shi. Ta zauna ta duba abin tun daga tushe. In aka aika sifana, shago zai buɗe. Kafaɗar da ba ta warke a duniya ba, ba a lahira za ta warke ba. Zai samu kujera ya zauna ya jira ta, ranar da ta iso, tun kafin ta sha ruwa, ya ce riƙe mini na yau kawai. Aladun da aka yanka a ƙasar nan kuma ai dole suna wani wuri, kuma dole wani ke jigilar su. Ta yi haƙuri da rai ɗaya, ba za ta ƙara da na biyu ba.

Don haka kwana biyu da rasuwar Chin-fa ta tafi da ƙafarta wurin Tsoho Chan, mai yin kayan takarda. Ba ta yi wa mijinta rowa ba. Ta ce a yi gida mai bene, da talabijin, da sandar kamun kifi, da kwalaben giya, har da pinlan, tunda ba sauran abin da zai ci masa. Chan ya ce ya ji ana zancen wata sifana.

"Ko sukudireba kada ka sa," in ji ta. "Duk abin da ya yi kama da ƙarfe, ban yarda ba."

Tsohon ya ce to, amma idonsa na kan tukunyar gam, bai ɗago ya dube ta ba.

Ranar ƙona kaya, da la'asar, aka taru a filin da ke bayan shagon. Aka jera gida mai bene da sauran tarkace a tsakiya, dangi suka kewaye su riƙe da jan igiya don kada matattun da ba su da kowa su wawushe. Mai addu'a na gefe yana dama jan tawada, don shi ke ɗiga wa masu hidimar takarda ido ya raɗa musu suna. Kafin ya ɗiga, takarda ce. In ya ɗiga, ta zama baiwar mamaci, babu mai ƙwato ta.

Ana cikin haka sai aka ji hon. Motar Shui-mu ce ta shigo filin da baya, an wanke ta fes, har ƙarfen tayoyin na ɗaukar ido. A-Kiau ta tsaya tana kallon tayoyin nan. Shekara da shekaru tana durƙusa musu, ba ta taɓa ganin launinsu ba. Ashe motar tana wankuwa.

Direbobi suka sauko da wani abu mai faɗin gado, lulluɓe da farin ƙyalle. Shui-mu ya gyara murya ya ce karo-karo suka yi, su 'yan titi, don cika wasiyyar Oga, ba su gaya wa matar Oga ba don kada su ɗora mata ɗawainiya. Ya yaye ƙyallen. Shagon ne sak, da allonsa, da tarin tayoyi, da kujerar gora da fanka a kanta, da butar shayi. Har kofin roba an yi, an shafa masa jan fenti a ciki. Ga mota tsaye a ƙofa da 'yan aladun takarda hawa biyu, ga Ɓauna an yi ta da takarda mai ƙyalli, an kafa bakinta a kan noti. Mutane suka yi ta jinjina wa Tsoho Chan, wanda ya laɓe bayan jama'a. Pei-shan, da ta zo daga Taichung inda take aiki, ta fashe da kuka.

A-Kiau ba ta yi kuka ba, domin ta ga abin da ke riƙe da sifanar. Wata 'yar mace ce ta takarda, durƙushe gindin tayar baya ta hagu. Malafa da leda a kai, tawul a hanci, takalman roba masu ruwan ɗorawa. Gwiwar hagu a kan ninkakken buhu. Har jan da take yi wa mariƙin baya-baya ne, yadda ake kwance notin ɓangaren hagu a tsofaffin motoci. Idanunta biyu farare fat, suna jiran tawada.

"Shui-mu," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, "wannan wace ce?"

"Mai hidima ce, matar Oga. Ba kowa ba ce, takarda ce."

"Da takalmana?"

Ya sosa ƙeya, ya yi 'yar dariya. "To ai Tsoho Chan ne ya ce sifana ba ta jan kanta, muka ce gaskiyarsa. Kin dai san Oga da kafaɗa. In muka aika masa ita babu mai ja, ai wahala muka aika masa. Haba matar Oga, wa ke bin titin nan bai san hannun da ke ɗaure mana taya ba? Ni na tsaya a kan tsohon nan sai da ya gyara gwiwar ma. Ya sa ta dama, na ce a'a, ta hagu take sawa."

Ya faɗa yana ƙabe ƙirji, yana jiran godiya. Sauran direbobin suka gyaɗa kai, wani ma ya ƙara da cewa shi ya tuna da tawul ɗin.

Duk abin da ya taɓa gangara mata a wuya bai tayar mata da zuciya kamar maganar nan ba. Ashe suna gani. Sun ga gwiwa, sun san ta hagu ce. Sun ga leda, sun ga tawul, sun ga abin da ke zuba, sun ga inda yake bi. Suna gani suna kurɓar shayi, suna miƙa mata kofin yawu ta zubar, su juya su ce hannun Oga daban ne. Ba wanda ya taɓa watsa wa motarsa ruwan bokiti ɗaya kafin ya kawo mata, amma ga shi an wanke ta don mamaci. Yanzu kuma da suka tashi nuna ƙauna, ƙaunar tasu ita ce su tura ta gaba ta ci gaba daga inda ta tsaya. Tir da irin wannan gani. Yawu ya taru mata a baki, ta rasa inda za ta tofar a gaban jama'a, ta haɗiye.

Mai addu'a ya matso da alƙalaminsa jiƙe da ja. Ya ɗiga wa masu hidimar gida mai bene, ya raɗa musu suna, ya juyo kan shagon. Ya tambaya da wane suna za a kira wannan. A-Kiau ta ga Shui-mu ya buɗe baki.

Ta saki igiyar da take riƙe, ta ɗaga ƙafa ta tsallaka ciki. Ba a yin haka, kuma dangin miji ba su ɓoye ba, gunaguni ya tashi ta ko'ina, wata tsohuwa tana cewa za ta buɗe wa baƙin matattu hanya. A-Kiau ta yi kunnen uwar shegu da su. Ta sunkuya ta ɗago 'yar takardar, sai Ɓauna ta biyo ta, domin Chan ya manne yatsun da mariƙin da gam mai kyau. Ta waiwaya ta ce wa Pei-shan ta miƙo mata almakashin da aka yanka ƙyallen makoki da shi. Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi 'yar takardar, ta tafi ta kawo.

Ba ta yanke yatsun ba, ba ta kuma yanke sifanar ba. Ta zura bakin almakashi tsakaninsu tana kankare gam ɗin a hankali, yatsa bayan yatsa, da haƙurin wadda ta saba da noti mai gardama. Mai addu'a na tsaye, tawada na ɗiga daga alƙalaminsa a ƙasa. Da hannun ya rabu da mariƙi, ta sa 'yar takardar a hammata. Sai ta ɗaga Ɓauna, ta duba cikin shagon takardar, ta kwantar da ita a gicciye kan kujerar gora ƙarƙashin fanka, yadda duk mai son zama sai ya ɗaga ta tukuna.

"Matar Oga," in ji Shui-mu, murya ta yi ƙasa, "kafaɗarsa fa?"

"Ya ce a aika masa, ga shi an aika. An ce can babu ciwo." Ta tsallako igiyar, ta tsaya dab da shi har ya ja baya. "In kuma tausayinsa ya dame ka, ga Chan nan bai tafi ba, ya yi mai kama da kai. Ni zan gaya masa gwiwar da zai sa."

Wani daga baya ya toshe baki da hannun riga yana danne dariya. Aka cinna wuta. Takarda ba ta da wuyar ci, nan da nan gida mai bene ya rufta, shagon ya bi shi, 'yan aladun suka yi baƙi suka nannaɗe. A-Kiau ta riƙe igiyarta da hannu ɗaya kamar kowa, ta tsaya har toka ta kwanta.

Da jama'a suka watse ta shiga shagon ta ƙofar baya. Ba ta ko kalli tamfol ɗin da ke bayan tayoyi ba. Ta karkaɗe kujerar gora, wadda ita kanta ba ta taɓa zama a kai ba, ta zaunar da 'yar takardar. Ta cire mata malafa, ta kwance mata tawul, ta kunna fanka. Gwiwar ta miƙe da ɗan lallashi. Sai ta koma kan yatsun, ta kama ɗaya za ta miƙar, ta ji waya ce a ciki, takardar kuma ta fara yagewa. Ta gwada na biyu, shi ma haka.

Pei-shan na tsaye bakin ƙofa, ta ce a bari gobe ta kai wa Chan ya gyara. A-Kiau ta ajiye nata hannun a kan hannun kujerar, kusa da na takardar, ta daɗe tana kallon su biyun.

"Ba sa gyaruwa," ta ce.

Ta bar mata su a haka, ta miƙa hannu ta ƙara wa fankar ƙarfi.